Yadda Haske Ke Tona Asirin Jabun Yakutu

Launi kaɗai ba ya tabbatar da ingancin dutse mai daraja, domin gilashi ma kan yi shuɗi tamkar yakutun tsaunin Mambilla. Shi ya sa masana ke auna yadda haske ke karkata idan ya ratsa dutse. A ma'aunin, yakutu na nuna 1.76 zuwa 1.77, gilashi na yau da kullum kuwa kimanin 1.5. Yakutu kuma yana raba haske gida biyu, gilashi ba ya rabawa.

Sai dai yakutun da aka ƙera a masana'anta yana ba da wannan lambar. A nan madubin ƙara girma ke raba gardama: kumfa da lanƙwasassun layuka a cikin dutse alamar ƙira ce. Don haka gwaji ya kamata ya riga ciniki.