Shugabancin Ofishin Kula da Yara: Amanarsu da Namu Rabon

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa, da yawa daga cikinmu a zango in aka ambaci ofishin Sosha Welfiya sai gaba ya faɗi, wai masu ƙwace 'ya'yan mutane ne. Wannan tsoron ya sa muna ja da baya, kuma yaranmu ne ke cutuwa. Shi ya sa muke so mu fayyace aikin ofishin, da nauyin da ke wuyan shugabanninsa, da abin da ya rage namu.

A nan Ghana, dokar da ta tsara wannan aiki ita ce Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560. A wurinta, duk wanda bai cika shekara 18 ba yaro ne. Sashen Jin Daɗin Jama'a, wato Sosha Welfiya, yana da ofishi a kowane yanki, kamar namu na Ashanti a Kumasi, sannan akwai jami'ai a gundumomi. Dokar ta ɗora wa duk wanda ya san ana cutar da yaro, ko an yasar da shi, ya kai rahoto. Jami'i ya bincika, in ya ga akwai haɗari ya kai yaron wurin da zai tsira, sannan maganar ta je gaban kotun iyali. Ita kotun ce ke yanke inda yaro zai zauna, kuma umarninta na riƙo ba ya wuce shekara 3. Kun ga ke nan, ba jami'i ne ke gaban kansa ba.

To mene ne nauyin shugaban irin wannan ofishi? Malamanmu na Malikiyya sun riga sun yi bayani a babin yaron tsintuwa. A cikin Mukhtasar na Shehu Halilu, ɗaukar yaron da aka jefar farilla ce ta kifaya: in wasu sun yi ta faɗi a kan kowa, in kowa ya ƙi duk gari ya ɗau zunubi. Ciyar da shi kuwa daga baitulmali ne in akwai. Saboda haka wanda aka naɗa kan wannan aiki, Musulmi ne ko ba Musulmi ba, yana sauke wani wajibi ne da ke kan jama'a baki ɗaya.

Abin koyi a nan shi ne Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi. An ruwaito cewa ya yanka wa yara albashi daga baitulmali, amma sai wanda aka yaye. Wani dare yana gadin wasu fatake a Madina sai ya ji jariri na ta kuka. Ashe uwar ce ke gaggawar yaye shi don ya shiga lissafi. Da gari ya waye sai ya sauya doka, ya ce a ba kowane jariri tun daga haihuwa. Darasi biyu ke nan: shugaba ya fita ya ji kukan da kunnensa, kuma in ya ga tsarinsa ne ke sa yaro kuka, ya gyara tsarin ba tare da girman kai ba.

Irin wannan gyara aka yi a ƙasarmu. A da, in an ce taimakon maraya sai tunani ya tafi ga gidan marayu, irin na Osu a Akra, ko na Kumasi, ko na Tamale. Sai aka lura cewa yawancin yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba ko dangi a raye, talauci ne ya rabo su da gida. Tun wajen 2007 gwamnati ta fara sauya hanya: a mayar da yaro ga danginsa in zai yiwu, in bai yiwu ba a nema masa iyalin riƙo, gidan marayu ya zama mafita ta ƙarshe. A 2008 aka fara shirin LEAP mai ba gidaje matalauta tallafin kuɗi, har da masu riƙon marayu. A 2016 aka yi wa dokar gyara, a 2018 kuma aka fitar da ƙa'idojin riƙon yara. Don haka ma'aunin shugaba nagari a yau ba yawan gadaje ba ne, a'a, yara nawa ne suka koma cikin iyali lafiya.

Nan ne maganar ta iso kanmu. Jami'i ba zai kai yaro gidan da bai buɗe ƙofa ba. In an tsinci yaro Musulmi a Kejetiya, ko jaririn wata yarinya 'yar kayaye da ta rasa yadda za ta yi, aka duba jerin masu riƙo babu mutumin zango ko ɗaya, wa za mu zarga in ya tashi bai san alwala ba?

Wasu na cewa ai haramun ne. A nan akwai ruɗani. Abin da Suratul Ahzabi ta hana shi ne tabanni, wato a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda aka riƙa kiran Zaidu ɗan Harisa da sunan Annabi kafin ayar ta sauka. Amma kafala, wato riƙo, aiki ne da Annabi ya yi wa mai yin sa albishir da kusanci da shi a Aljanna. Riƙon da doka ta tsara bai sauya sunan uban yaro ba, bai yanke shi daga danginsa ba. Gado ba ya shiga tsakani, amma kana iya yi masa wasiyya har sulusin dukiya. In jariri ne da bai wuce shekara 2 ba, matar gida ta shayar da shi, ya zama muharrami. Wanda ya haura shekara 21, mai halin kirki, yana iya nema, a bincika gidansa, a ba shi horo.

Wanda ba shi da halin riƙo ma yana da rabo. Doka ta tanadi kwamitin sulhu kan lamuran yara a gundumomi, ya kamata dattawanmu da malamai mata su nemi shiga. Malaman makaranta su sa ido: yaron da ya daina zuwa, ko yake zuwa da tabon duka, a bi sawu. Mu daina rufa asirin mai cin zarafin yaro da sunan zumunci. Ɗalibanmu kuma su san karatun aikin jin daɗin jama'a ana yin sa a Jami'ar Ghana da ke Legon, kuma ofisoshin nan na bukatar masu jin Hausa, masu sanin gidajenmu.

Allah ya ba shugabannin wannan aiki ikon riƙe amana, mu kuma ya sa mu cikin masu share hawayen maraya. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.