Numfashi a Ƙarƙashin Ruwa: Wace Na'ura Ce Ta Dace da Masu Nutso a Sakkwato?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kwalkwalawa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san yadda gulbin Rima kan cika ya batse da damina. A irin wannan lokaci ne jiragen kwale-kwale suka fi kifewa. Idan haka ta faru, ba wani ake kira ba illa Sarkawa, waɗanda kan tuɓe riga su faɗa ruwa ba su da komai sai iskar da ke cikin huhunsu. Haka aka yi a watan Afrilu na 1922 ko 2022 duk ɗaya ne ga mai nutso, domin hanyar aikin ba ta sauya ba. Amma a Afrilun 2022 ne wani jirgi ya kife a yankin Shagari, mutum 29 suka rasu. Bayan kowane haɗari akan ji ana kira da a sayo wa masu ceto kayan nutso na zamani. Kiran yana kan hanya. Sai dai kayan iri-iri ne, kuma wanda ya fi tsada, wato na'urar maimaita numfashi, shi ne ya fi saurin hallaka wanda bai san sirrinsa ba.

Kafin a fahimci na'urar, wajibi ne a fahimci abin da ke faruwa a ƙirjin ɗan Adam. Iskar da ake shaƙa tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin 100, da naitirojin kashi 78. Wadda ake fitarwa kuwa tana da sauran oksijin kamar kashi 16, tare da kabon-dayoksaid kamar kashi 4. Ke nan jiki ɗan kaɗan yake ɗiba, ya mayar da saura. Wani abin mamaki shi ne, ƙuncin da mutum kan ji idan ya riƙe numfashi ba ƙarancin oksijin ne ke kawo shi ba. Taruwar kabon-dayoksaid a cikin jini ce ke tsikarar ƙwaƙwalwa ta ce a yi numfashi. Jiki ba shi da ƙararrawa mai ƙarfi da za ta sanar da shi cewa oksijin ya ƙare. Shi ya sa yaron da ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya yi nutso, don ya daɗe a ƙasa ya burge tsara, yake cikin haɗari: ya kori kabon-dayoksaid ɗin da zai gargaɗe shi, sai ya suma a cikin ruwa ba tare da ya ji wata wahala ba. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin a kansa sauran bayanin ya dogara.

Na'urar nutso da aka fi sani ita ce wadda Jacques Cousteau da Emile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943. Mai nutso yana goye da tukunyar iska, ya shaƙa ta mesa, ya fitar a cikin ruwa ta tashi sama kamar kumfa. Tana da sauƙi, amma akwai ɓarna. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya baki ɗaya, don haka a mita 10 mutum yana cin ninki biyu na iskar da yake ci a tudu, a mita 30 kuma ninki huɗu. Tukunya mai cin lita 12, idan aka matsa mata iska ninki 200, tana ɗauke da lita 2,400. Mai shaƙar lita 20 a minti ɗaya a tudu zai ƙarar da ita cikin sa'a guda a zurfin mita 10.

Ita kuwa na'urar maimaita numfashi ba ta zubar da komai. Iskar da aka fitar tana bi ta mesa zuwa wani gwangwani mai cike da tsakuwoyin farar ƙasa da aka haɗa da ɗan soda mai ƙuna. Waɗannan ke tsotse kabon-dayoksaid. Daga nan iskar ta shiga wata jaka mai kumbura da motsewa kamar zugazugin maƙera, a ƙara mata ɗan oksijin da jiki ya ci, ta komo baki. Mai iyo a hankali bai cika cin fiye da lita ɗaya ta oksijin a minti ba, kuma zurfi bai ƙara wannan buƙata. Saboda haka 'yar ƙaramar tukunya kan wadatar da shi sa'o'i da dama. Dabarar ta girmi ta Cousteau. Wani Baturen Ingila mai suna Henry Fleuss ne ya yi mata rajista a 1878, kuma igiyar da aka jiƙa da ruwan toka mai ƙarfi ya sa a madadin tsakuwoyin. A 1880 Alexander Lambert ya yi amfani da ita ya shiga ramin jirgin ƙasa da ake haƙawa ƙarƙashin kogin Severn, wanda ruwa ya cika, ya rufe wata ƙofar ƙarfe a cikin duhu. Har yau wannan dabarar ce ke cikin injin sa barci na ɗakin tiyata, inda ma'aikata kan lura da launin tsakuwoyin don su san lokacin sauya su.

To, ina aibin yake? A na'urar Cousteau, idan iska ta ƙare, mutum zai ja ya ji babu, nan take ya san abin yi. A na'urar maimaita numfashi jakar tana iya kasancewa cike, numfashi na tafiya lafiya lau, alhali abin da ke ciki ba ya raya mutum. Idan oksijin ya daina shiga, tsakuwoyin za su ci gaba da kwashe kabon-dayoksaid, ƙararrawar jiki ba za ta buga ba, sai dai kawai mutum ya sume. Idan oksijin ya yi yawa a ƙarƙashin matsi, sai ya zama guba ga ƙwaƙwalwa ya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, mesa ta suɓuce daga baki. Wannan ne dalilin da ya sa ba a wuce mita 6 da tsantsar oksijin. Idan kuma tsakuwoyin sun gaji, ko ba a danna su sosai a gwangwanin ba har iska ta sami kafar wucewa, kabon-dayoksaid zai taru ya kawo haki da ciwon kai da ruɗewa. Ruwa ma idan ya shiga gwangwanin, yakan zama ruwan soda mai ƙone baki da maƙogwaro. Wani likita a Ostireliya, Andrew Fock, ya bi diddigin mutuwar mutum 181 da suka yi amfani da irin wannan na'ura don nishaɗi tsakanin 1998 da 2010. A ƙiyasinsa da aka buga a 2013, haɗarinta ya kai kamar ninki goma na na'urar da aka saba.

Mai son saye yana da zaɓi uku. Akwai mai tsantsar oksijin, wadda sojojin ruwa ke so domin ba ta yin kumfar da za ta tona asirinsu. Akwai mai buɗaɗɗen gefe, wadda ke zuba iska a kai a kai tana zubar da kaɗan. Sannan akwai rufaffiya ruf, wadda ke da ma'aunan oksijin, galibi guda uku, da 'yar kwamfuta mai kwatanta abin da suka nuna. Turai tana da ƙa'idar gwaji mai lamba EN 14143, kuma na'urar da ba ta ci wannan jarrabawa ko makamanciyarta ba, bai kamata a ko taya ta ba. Horo ma a kan kowane samfuri daban ake yin sa. Wanda ya ƙware a ɗaya baƙo ne a ɗayan.

Amma tambayar da ta fi muhimmanci a Sakkwato ita ce ko ana buƙatarta tun farko. Amfaninta yana fitowa ne a teku mai zurfi, ko a cikin kogo mai nisa, ko wajen masanin halittu da ke son kusantar kifi ba tare da kumfa ta firgita shi ba. Bangon madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tsayinsa mita 21 ne, kuma gulaben Rima da Sakkwato ba su kusa da haka ba. Ruwansu da damina ja ne jawur, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Rayuwar mai rufaffiyar na'ura kuwa ta rataya ne ga duba lambobin da ke wuyan hannunsa kowane ɗan lokaci. Ga kuma yanayi. Ma'aunan oksijin tamkar batura suke, suna cinye kansu ko ana aiki da su ko ba a yi. Akan sauya su bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zafi kuma yana gaggauta tsufansu, a garin da zafin Afrilu kan haura digiri 40. Tsakuwoyin suna buƙatar ɗan danshi kafin su yi aiki, don haka mazubin da aka bari a buɗe cikin hunturu ya lalace ko da a ido yana nan fari tas. Duka biyun daga waje ake sayo su. Na'urar da aka sayo da biki, aka kulle a sito shekara biyu, aka ɗauko ranar da jirgi ya kife, tarko ce.

Abin da ya dace da waɗannan ruwaye shi ne tukunyar iska ta yau da kullum, da igiya ɗaure a ƙugun mai nutso wadda wani ke riƙe da ita a cikin jirgi, suna magana ta hanyar ja da saki. Sarkawa sun riga sun san inda ruwa ke juyi da inda yake ajiye abin da ya ɗauka, horon da ya rage musu na na'ura ne. Darasin farko da za a koya musu ya saɓa wa duk abin da suka gada: mai shaƙa daga tukunya ba ya riƙe numfashi yayin tasowa, domin iskar da ya cika huhu da ita a mita 10 za ta ninka girmanta kafin ya iso sama, ta yaga huhun. Injin cika tukunyar kuma a ajiye bakin zuƙarsa nesa da hayaƙin janareta, ta ɓangaren da iska ke kaɗowa.