Yadda Baƙi Suka Koyi Hausa a Birnin Kano

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), wanda a lokacinsa aka kafa kasuwar Kurmi, birnin Kano yake karɓar baƙin da fatauci ko neman ilimi ya kawo, kuma sunayen unguwannin cikin ganuwa sun isa shaida: Zangon Barebari, Agadasawa, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, domin a wancan zamani su ake kira Turawa. Da yawa daga jikokin waɗannan mutane yau Hausa ce harshensu na gida, alhali kakanninsu ba su taɓa zama a aji don koyonta ba.

Malamin baƙo na farko shi ne fatoma, wato maigidan da ke saukar da fatake, ya adana musu kaya, ya haɗa su da dillali, ya kuma yi musu tafinta kafin bakinsu ya buɗe. Amma ɗan kasuwar da ya dogara da bakin wani bai san abin da ake ƙullawa a kan dukiyarsa ba, saboda haka tilas ya kasa kunne a rumfa har ya gane cewa idan mai saye ya taya aka ce masa "albarka" to tayin bai kai ba, idan aka ce "na sallama" ciniki ya faɗa, sannan ga gyara da ake nema bayan awo, ga la'adar dillali. Daga nan sai gaisuwa, wadda ta fi ciniki wuya, domin wanda ya tsallake tambayar kwana da gajiya da iyali ya faɗa kan buƙatarsa, ko da kalmominsa daidai suke, za a ce bai iya magana ba. Masallacin unguwa da zaman zaure da taron suna da jana'iza, uwa uba auratayya, su suka ƙarasa aikin, kuma ta wannan hanya ce kunne ke sabawa da karin sauti, wato hawa da saukar murya da ke bambanta ma'ana, da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa.

Turawan Yamma sun bi hanya dabam. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya sauka a unguwar Dala, kuma Hausarsa daga bakin abokan tafiya ya same ta. Yaronsa Dorugu ya bi shi Ingila a 1855, inda J. F. Schön ya rubuta labarai daga bakinsa, daga baya kuma Dorugu ya koyar a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 an wajabta wa jami'an mulkin mallaka jarrabawar Hausa, aikin da ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya sauƙaƙa, sai dai mazauninsu yana wajen ganuwa, kamar yadda aka ware Sabon Gari ga baƙin kudu, don haka wasunsu Hausar ba da umarni suka iya, ba ta hira ba.

Yau ma 'yan kasuwar Sin da ɗalibai daga ƙasashen waje suna shigowa Kano, kuma abin da ya fi tauye su shi ne gaggawar da wasu ke yi ta amsa musu da Turanci da zarar sun yi tuntuɓen harshe. Ya kamata Kanawa su riƙa amsa wa baƙo da Hausa, su gyara masa cikin mutunci, su kuma gayyace shi zaure kamar yadda fatomomin dā suka yi.