Daga Rabin Bolt Zuwa Wutar Gida: Abubuwan Mamaki Game da Sola

Dubi farantin solan da ke kan rufin shagon caji a Batsari ko Runka, ka ƙirga 'yan gidajen da ke jikinsa. Kowane ɗaya, komai ƙwallewar ranar Afrilu, rabin bolt da 'yar ɗoriya yake bayarwa. Batirin tocila ƙwaya ɗaya mai bolt 1.5 ya fi shi turi. Sai an jera 36 sannan a samu kusan bolt 18, abin da zai cika batir mai 12. Firiji da fanka kuwa don bolt 230 na wutar NEPA aka ƙera su. Inbata ce ke cike wannan giɓin.

Taransifoma, wadda aka saba ɗaga wuta da ita, ba ta san wutar batir ba. Ita sai wuta mai kai da komo, irin ta KEDCO da ke zuwa ta dawo sau 50 a daƙiƙa. Ka jona mata batir kai tsaye, zafi kawai za ta yi.

Mafi sauƙin na'urar ɗaga wuta abu huɗu ne: naɗin waya, wato kwayil, da makunni, da dayod, da kwandansa. Makunnin taransisto ne, yana kunnawa yana kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Idan ya kunna, kwayil ya tara ƙarfi a matsayin maganaɗisu. Idan ya datse, kwayil ba ya yarda a tsayar da shi farat ɗaya, sai ya yi tutsu ya harbo wuta da turin da ya fi na batirin. Dayod ta bar ta ta wuce, ta hana ta komawa, kwandansa ya tara. In makunnin yana kunne rabin lokaci, 12 ta zama 24. In kashi uku cikin huɗu ne, ta zama 48. A takarda lissafin ba shi da iyaka, amma a zahiri da an matsa masa sai asara da zafi su yi yawa, shi ya sa injiniyoyi ke hawa mataki-mataki. Ƙaramar inbata ta zamani takan kai wutar sama da bolt 300 tukuna, sannan ta sassaƙa ta ta koma 230 mai kai da komo.

Da gangan ake sa makunnin ya wuce sau 20,000 a daƙiƙa, don kunnen ɗan'adam ba ya jin abin da ya haura haka. Saurin kuma shi ke ba da damar ƙanƙanta kwayil.

Wannan dabara tana hannunmu tun kafin sola. Fulogin babur daga 'yar wuta kaɗan yake samun tartsatsi mai bolt sama da 10,000. Faifan kashe sauro mai caji yana ɗaga 'yan bolt zuwa fiye da dubu, ƙarar “tas!” ɗin nan kenan. Fawa-bankin da ke aljihunka batirinsa 3.7 ne, waya kuma 5 take so.

Sai dai babu wutar banza. Danne bakin tiyo ruwa ya yi nisa, amma bai ƙara ko ɗigo ba. Kayan da ke jan wat 1,000 amfiya huɗu da ɗan kai suke sha a ɓangaren 230, amma a ɓangaren batir mai 12 sun haura amfiya 80. A nan siririyar waya ke narkewa, a ɗora wa inbata laifi. Ninka bolt sau biyu, asarar waya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilin da ya sa masu haɗa sola ke cewa a koma 24 ko 48 kenan, kuma shi ya sa wutar Kainji ke tafiya a kan bolt 330,000.

Farantin sola haske yake so, ba zafi ba. Lambar da ke bayansa a ma'aunin zafi 25 aka auna ta, alhali da tsakar ranar bazara jikinsa kan wuce 60, kuma kowane digiri yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Sanyin safiyar hunturu na ɗaga bolt, ƙurarsa kuma ta rufe gilashi. Tsumma da ruwa sun fi sabon faranti araha.

Inuwar reshen darbejiya a kan gida ɗaya tak na farantin tana iya ja wa layin duka baya.

Rijiyar burtsatse mai sola yawanci ba ta da batir. Da hantsi famfo ya tashi, da la'asar sakaliya ya lafa, abin da aka tara yana cikin tanki.

A Satumban 2021, saboda matsalar 'yan bindigar dajin Rugu, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, gwamnatin Aminu Bello Masari kuma ta hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. A Oktoban 2024 kuwa, lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. A wancan duhun, mai faranti biyu da batir ya yi kasuwa.

Iska ma an gwada ta. A Lambar Rimi an kafa fankoki 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, da niyyar samar da megawat 10. A Disamban 2012 aka sace injiniyan aikin, Francis Collomp, a garin Rimi. Ya kuɓuta da ƙafarsa a Zariya a Nuwamban 2013. Aikin ya kwashe shekaru yana jan ƙafa.

A kasuwa kuma, kwali ba ya jin kunyar lamba. Za ka ga an rubuta wat 3,000 a jikin inbata mai bolt 12 da fiyus ɗinta amfiya 40 ne. Ninka 40 sau 12, ka samu 480.