Wai shanunmu ba su da ƙwayar girma?

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin makiyaya da dillalan kara. Mai maganar, wanda ko sunansa bai iya faɗa ba, ya ce wai masana sun gano shanun gida ba su da ƙwayar halittar da ke sa girma, don haka a dandaƙe bijimai ko a kai su kasuwa, a koma wa irin Turai. Ya ƙara da cewa naman ɗan maraƙin da aka samu ta ɗurin maniyyi yana hana mutum haihuwa. Wannan shirme ne tsagwaronsa.

Batun bijiman ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babu saniyar da ba ta ɗauke da ƙwayar da ke samar da sinadarin girma, ko Bunaji ce, ko Rahaji, ko Bokolo, ko Azawak. Abin da ya bambanta shi ne nau'in da kowace ta gada, kuma girma ba aikin ƙwaya ɗaya ba ne, ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa. Shi ya sa a garke ɗaya, kiwo ɗaya, mashaya ɗaya, za ka ga maraƙi ya cika ƙirji ya tada tozo, sa'ansa kuwa haƙarƙari a waje. Wannan bambancin shi ne jarin mai zaɓen iri, kuma a kansa tashar Tukunus ta Nijar ta daɗe tana inganta Azawak. Wanda ya dandaƙe bijiminsa mafi kyau ya yanke wannan gadon, kuma ba ya dawowa.

Ban ga laifin wanda ya yarda da saƙon ba. Gaskiya ne shanunmu na jinkirin girma. Karsana a ruga kan kai shekara 4 kafin haihuwar fari, kuma duk wanda ya sayi dusa a tsakiyar rani ya san zafin jira. Sai dai babban kaso na jinkirin nan yunwa ce da cuta. Gaskiya ne kuma barbara da irin waje kan ba da 'ya'yan fari masu saurin girma idan akwai abinci da magani. Amma in jinin Turai ya rinjaya, zafi da kaska da kirci sukan kayar da su. Friesian ma da ake ta kuranta wa, saniyar madara ce, ba ta nama ba.

Mai son gwada irin waje ya ware 'yan shanu kaɗan, ya nemi shawarar likitan dabbobi ko cibiyar NAPRI da ke Shika, ya bar bijiminsa na gida a garke, kuma kada ya bari bijimin ya hau karsanan da ya haifa.