Sabon tela a Cake: bayan takardar shaida, sai neman yadi

Kowace shekara cibiyoyin koyon sana'a na jihar Maraɗi suna yaye samari da ƴan mata waɗanda suka koyi awo da yanka da ɗinki. Wasu suna komawa garuruwansu, irin su Cake cikin gundumar Mayahi, da takardar shaida a hannu, mai sa'a har da keken ɗinki na ƙafa. A nan ne aiki ke farawa, domin keke ba ya ɗinka iska.

Gaskiya ne a ƙauye mai kaya shi ke kawo yadinsa. Amma wace mace za ta ɗauki atamfar lefenta ta miƙa wa yarinyar da ba a taɓa ganin ɗinkinta ba? Dole sabuwar tela ta sayi nata yadin, ta ɗinka riga biyu ko uku, ta rataya a ƙofar zaure. Idan ta yi sayen banza, jarinta ya tafi tun kafin a san sunanta.

Matsala ta farko ita ce awo. A makaranta da santimita ake koyarwa, a kasuwa kuwa da yadi ake sayar da atamfa. Yadi ɗaya santimita 91 ne, bai kai mita ba. Ke nan turmi mai yadi 6 bai wuce mita 5 da rabi ba. Wanda ya lissafa zane da riga da kallabi bisa mita 6, zai tarar hannun riga ya rasa abin yi.

Ta biyu ita ce sanin kaya. Atamfar Holan ta kamfanin Vlisco da shaddar Getzner ta ƙasar Otiriya duk suna da jabu, har da sunan kamfani a bakin zane. Tsofaffin teloli suna da dabarunsu, kuma ya kamata a ce ana koyar da su a aji. Suna jiƙa gefen yadi su goga da farin tsumma. Idan tsumma ya ɗauki launi, kayan na zuba. Suna zare silin zare su sa masa ashana: auduga tana cinyewa ta bar toka, mai roba kuwa sai ya narke ya dunƙule. Kuma ba su sa almakashi a yadin auduga sai sun wanke shi, domin yana tsukewa.

Duk wannan kaya daga nesa yake zuwa. Mai sayarwa a kasuwannin Mayahi da Tasawa yana saro shi daga Maraɗi ko daga Kantin Kwari na Kano, kowane hannu da ribarsa. Da can akwai atamfar gida: masaƙar Sonitextil ta Yamai ta tufatar da mata da yawa cikin shekarun 1980, kafin a sayar da ita ga ƴan kasuwa ta koma Enitex. A Kaduna ma babbar masaƙar UNTL ta tsayar da aiki a 2007. Yau yawancin atamfa mai araha daga Sin take. Sa'ad da aka rufe iyakar Najeriya a 2019, da kuma daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, har zare da allura da zif sai da suka yi tsada.

Muna alfahari da Alphadi, wanda ya buɗe bikin FIMA a hamadar Tigidit a 1998, amma telan Cake ba shi da baƙi daga Turai. Kasuwarsa ta kaka ce, bayan an sayar da gyaɗa da wake, sai kuma sallah ƙarama da babba. Da damina keke yakan kwana a rufe, wani lokaci ma a sayar da shi a sayi hatsi.

Saboda haka muna jan hankalin magadan gari da asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a: ran yaye ɗalibai, a haɗa keke da ƴan turamen yadi da zare. Su kuma sababbin teloli na ƙauyuka maƙwabta su haɗa kuɗinsu, su tura mutum ɗaya kasuwar Maraɗi ran Litinin ko Juma'a, tun azumi bai kama ba.