Zaman faɗakarwa na ranar awon ciki: ko yana da amfani?

Ranar awon ciki, kafin a fara aunawa, ungozomar likita takan tara mata a inuwa ta yi musu bayani. Wannan zama shi ne makarantar mai ciki. Amma a ƙauyukanmu na gundumar Madarunfa muna jin wasu suna cewa ɓata lokaci ne. Ga noma, ga daka, ga nisan hanya. Wasu kuma su ce: kakanninmu sun haihu a ɗaka, wa ya koya musu?

Gaskiya ne sun haihu. Amma mu tuna matan da muka binne ranar haihuwa, da jariran da ba su kai ranar suna ba. Mu a ganinmu zaman nan ya cancanci yinin da aka ba shi. Ga dalilanmu.

Abin da ake koya

Da farko ana koyon alamun hatsari. Mai ciki ta riƙe su kamar sunayen ƴaƴanta:

1. Zubar jini, ko kaɗan ne.
2. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi.
3. Kumburin fuska da hannuwa.
4. Jijjiga.
5. Masassara mai zafi.
6. Fashewar faya kafin naƙuda ta zo.
7. Ɗa ya daina motsi.
8. Naƙudar da ta wuce awa 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta.

Duk wadda ta ga ɗaya daga cikinsu, ta nufi likita nan take. Kada a jira gari ya waye. Jini in ya ɓalle bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa 2. Doguwar naƙuda kuwa ita ke kawo yoyon fitsari. A Danja, kusa da Maraɗi, akwai asibitin gyaran masu wannan ciwo tun shekarar 2012. Amma kada mu bari a kai ga gyara.

Na biyu, ana bayyana amfanin magungunan da ake bayarwa. Ƙwayar ƙarin jini kullum ake shan ta. Maganin rigakafin masassarar cizon sauro ana fara shi bayan ciki ya cika wata 3, a sha aƙalla sau 3, da tazarar wata guda tsakani. Akwai allurar tsinkau-tsinkau, mai kare uwa da jariri. Akwai kwana cikin sange, musamman ga mu da ke kusa da tabki da gulbi. Matar da ta san dalilin magani ba ta ɓoye shi ƙarƙashin tabarma.

Na uku, abinci da shayarwa. Ba sai an sayi na tsada ba. Wake, gyaɗa, zogale, ƙwai, nono da kifin tabkin Madarunfa duk suna gina jiki. In an haihu, a sa jariri ga nono cikin awa ta farko. Dakashi ba dauɗa ba ne, shi ne rigakafin farko na yaro. Nonon uwa zalla ya ishe shi har wata 6, ko ruwa ba ya bukata.

Kunya

Mun san al'adarmu. Yarinya mai cikin fari tana ɓoye cikinta, ba ta tambaya, ko naƙuda ta zo sai ta yi shiru. Kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko kafin ciki ya wuce wata 3. Wadda za ta je goyon ciki gidan iyayenta, ta tafi da takardar awonta, ta ci gaba a likitar da ke can.

Maigida ma ɗalibi ne

Mace tana iya sanin alamun nan duka, amma izinin fita da kuɗin mota suna hannun maigida. In bai sani ba, sanin nata bai kai ta ko'ina ba. Don haka aka kafa makarantar mazaje a jihar Damagaram a shekarar 2008, daga baya ta yaɗu har jihar Maraɗi. Magidanta ne ke zama su tattauna lafiyar iyalinsu, sannan su faɗakar da sauran maza. Inda babu irinta, maigida ya raka matarsa awo ko sau ɗaya, ya ji da kunnensa. Uwar miji da ungozomar gari su ma su zo, tun da su ake fara kira in naƙuda ta tashi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Tun ciki yana wata 7 gida ya amsa tambayoyin nan. A wace likita za a haihu? Da me za a tafi, amalanke, babur ko mota? In damina ce gulbi ya kawo, ta wace hanya za a bi? Wa zai raka ta, wa zai zauna da yara? Wane ɗan uwa zai ba da jini in an bukata?

A ajiye kuɗi kuma. Gwamnati ta mai da awon ciki kyauta a shekarar 2006, ta kuma sanar da haihuwa kyauta a asibitocinta a shekarar 2024. Amma kuɗin tafiya da abinci namu ne. A ware tiya kaɗan ta wake lokacin kaka, ko akuya ɗaya. Mata su yi tanadi a asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a nan jihar Maraɗi a shekarar 1991.

Zaman faɗakarwa ba ya ɗauke zafin naƙuda, ba ya kuma hana matsala zuwa. Abin da yake hanawa shi ne jinkiri: jinkirin ganewa, jinkirin yanke shawara, jinkirin kama hanya. Jinkirin nan ne ya raba mu da mata da yawa.

Mu da muka koyi karatu, mu karanta wa maƙwabta alamun nan 8. Allah ya sauki matanmu lafiya, ya raya abin da suka haifa.